Kiɗa a Bakin Ƙofar Lakwal

Duk wanda ya taɓa riƙe alli a makarantar firamare ta ƙasar nan ya san inda darasin waƙa yake zaune a cikin jadawalin mako. Yana can wajen ƙarshe, lokacin da rana ta take, yara sun ƙosa, shi kansa mushe muryarsa ta dushe. Idan lissafi bai ƙare ba, lokacin waƙa ake ci a cike giɓin. Idan ana son share fili, shi ake ci. Ba a tunawa da shi sai ranar da wani babban baƙo zai shigo gari: a jera yara bakin hanya tun hantsi, su yi ta rera abin da aka cusa musu cikin kwana uku, motoci su wuce su bar su da ƙura. Wannan shi ne matsayin da muka ba kiɗa da waƙa a tarbiyyar ƴaƴanmu, kuma mun daɗe da sabawa da shi har ba ya ba mu kunya.

Mu da muka yi lakwal a shekarun baya muna iya tuna irin waƙoƙin da aka koya mana. Akwai ta wata gada da ake rawa a kanta a wani gari na Faransa, akwai ta wani mai barci da aka ce ya tashi ya kaɗa ƙararrawa. Mun haddace su tsaf, muna rerawa da iyakar ƙarfinmu, ba tare da mun san abin da muke cewa ba. A lokacin nan, wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa a harabar makaranta, sai a rataya masa sambol a wuya. Da dare kuwa, idan farin wata ya fito, yaran nan dai su ne a dandali: ƴan mata na gaɗa, suna tafi iri biyu ko uku a lokaci guda ba mai kuskurewa, samari na bin kalangu, kowa ya san takensa. Ke nan yaro yana da makarantar kiɗa biyu: wadda ake ba shi maki a cikinta bai fahimci kome ba, wadda ya ƙware a cikinta ba a lasafta ta cikin ilimi ba. Ko taken ƙasa da muka yi ta rerawa gaban tuta tun 1961, Turawa ne suka tsara kalmominsa da muryarsa, kuma sai a 2023 aka sake shi.

Abin da nake son in kare a nan shi ne cewa kiɗa ilimi ne mai zaman kansa, wanda ya cancanci malami da lokaci da kayan aiki kamar kowane darasi, kuma kiɗan da ya kamata a fara da shi shi ne wanda yaro ya zo da shi daga gida. Amma kafin nan bari in ajiye wata hujja da masu goyon bayan wannan ra'ayi suke yawan ɗaukowa, domin ba ta da ƙwari. Ana cewa wai sauraren kiɗan Mozart yana ƙara wa yaro basira. Asalin maganar wani gwaji ne da aka buga a 1993 a Amurka, kuma ɗaliban jami'a aka yi wa shi, ba jarirai ba. Ɗan ƙarin da aka gani bai wuce na minti goma zuwa sha biyar ba, a kan aiki iri ɗaya tak. Ƴan kasuwa ne suka hura abin don su sayar da faifai. Wanda ya gina kariyar kiɗa a kan cewa yana taimakon lissafi ya riga ya yarda cewa kiɗa bara ne a gidan lissafi, kuma duk ranar da aka samu wani baran da ya fi shi sauri, sai a sallame shi. Muna da hujjojin da suka fi wannan, kuma a ƙofar gidanmu suke.

Ta farko tana cikin harshen kansa. Hausa harshe ne mai karin sauti: ma'anar kalma tana rataye ga hawa da saukar murya da kuma tsawon wasali. Kuka na ido daban, kuka ta miya daban. Wuya da ake rataya wa dutsen ado daban, wuya da ake sha a gona daban. Gari da ake zama cikinsa daban, gari na tuwo daban. Rubutunmu na boko ba ya nuna wannan bambanci, kunne ne kaɗai ke raba gardama. Makaɗin kalangu ya san haka tun kafin masana harshe su ba abin suna. Idan ya matse tsarkiya a hammata murya ta hau, idan ya saki ta sauka, da haka yake kiran mutum da sunansa da na kakansa daga bayan kasuwa, mutumin ya waiwayo. Wace hanya ce ta fi wannan sauƙi wajen nuna wa yaro ɗan shekara takwas yadda harshensa yake aiki? A kawo kalangu cikin aji, a kaɗa kalma, yara su faɗi wadda aka nufa. Darasin nahawu ne cikakke, kuma ba wanda zai yi gyangyaɗi. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunanmu gurbi a makaranta, kundin da aka kafa a 2025 kuma ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Duk da haka har yanzu muna son mu koyar da harshen a kan allo kurum, kamar mai koya wa yaro iyo a kan tabarma. Taskar kalmomin Hausa mafi girma tana bakin mawaƙa. Kalmomin doki da sirdi da linzami, na noma da farauta da ƙira, waɗanda suka fice daga maganar yau da kullum a birane, suna nan a raye cikin waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Alalo na Damagaram.

Ta biyu ta shafi sanin al'umma. A ƙasar Hausa kowane kayan kiɗa yana da gidansa. Tambari da kakaki na sarauta ne, ba a kaɗa su ko busa su don kowa. Taushi da kotso na fada ne. Kalangu na mahauta ne da ƴan dambe da ƴan mata, dundufa ta maƙera, garaya ta mafarauta da ƴan bori, gangar noma ta gayya, shantu da ƙwarya na mata a cikin gida. Yaron da ya san wannan ya san tsarin garinsu na da fiye da wanda ya haddace jerin sunayen sarakuna da shekarunsu. Zai fahimci dalilin da ya sa kokowar ƙasa, wadda aka fara gasarta a Tawa a 1975, ba ta yiwuwa ba makaɗa, da abin da muryar Sagalo take yi wa ɗan kokowa kafin ya shiga fage. Sannan akwai abin da ya fi wannan amfani a zamanin da muke ciki. Waƙar Hausa tana da yabo, tana da zuga, tana da zambo da habaici, kuma masana irin su Sa'idu Muhammad Gusau sun shimfiɗa hanyar nazarinta da Hausa, da kalmomin da makaɗan da kansu suke amfani da su: turke, gindin waƙa, ɗiyanta, jagora, ƴan amshi. Ɗalibin da aka koya wa ya warware waƙar yabo, ya ga inda mawaƙi ya faɗi gaskiya da inda ya ƙara gishiri don a ba shi doki, ba za a yi saurin ruɗa shi da waƙar siyasa ba ranar da ya isa jefa ƙuri'a. Yaranmu suna jin waƙa daga safe zuwa dare a wayoyin hannu, ta Kano, ta Indiya, ta Abijan, ta Amurka. Ba mu da ikon toshe musu kunne. Abin da ke hannunmu shi ne mu koya musu saurare.

Akwai kuma abin da kowane malami ya gani da idonsa, ko da bai taɓa rubuta shi cikin rahoto ba. A ajin da yara suka yi yawa har wasu na zaune ƙasa, waƙa mai amshi ita ce kaɗai aikin da kowa yake yi a lokaci guda, kuma kowa yake jin na kusa da shi. Dole ka jira jagora ya kai aya, dole ka shigo tare da ƴan uwanka, idan ka yi gaggawa ko ka makara kowa ya ji. Na taɓa koyar da wata yarinya a wani ƙauye, wadda ta shekara biyu ba ta ɗaga hannu a aji ba, har na sa ta cikin waɗanda za a maimaita wa aji. Ranar da na ce kowa ya kawo waƙar daka daga gidansu, ita ce ta tashi ta ja baiti bayan baiti, aji duka na amsa mata, tana gyara wa waɗanda suka karkace. A ranar na gane cewa faransanci ne ya ɗaure mata harshe, kanta kuwa lafiya lau yake. Ban ce ta zama ta ɗaya a lissafi daga baya ba. Ba ta zama ba. Amma ta daina ɓuya a bayan aji, kuma ta kai ƙarshen firamare.

Wani zai ce: to, tun da dandali da gida suna koyar da wannan kiɗa, me ya kawo makaranta ciki? Amsar ita ce dandalin da muke tunawa ya ja baya ƙwarai a birane, gadon gida kuma yana yankewa. A da ɗan makaɗi yana tashi da ƙaramar ganga a kafaɗa, ya bi ubansa shekara da shekaru kafin a ba shi jagora. Yau ɗan makaɗin yana lakwal, ko yana kabu-kabu, ko ya tafi ci-rani, kuma sau da yawa uban ne da kansa ba ya son ɗan ya gaje shi. A wuraren biki na'ura mai madannai ɗaya ta maye gurbin mutum shida. Labarin Malam Maman Barka ya isa misali. Haifaffen Tasker ne, Batube, kuma malamin makaranta ne kafin duniya ta san shi da gurumi da waƙoƙinsa na Hausa. A 2002 ya samu tallafin UNESCO ya tafi bakin tafkin Cadi wurin Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne na ƙarshe cikin masanan biram, kayan kiɗan masuntan Buduma mai tsarkiya biyar da siffar jirgin ruwa. Ya zauna ya koya, ya dawo da biram Yamai, ya kai shi har dandalin Turai. Bukar Tar ya rasu, Malam Barka shi ma ya rasu a watan Nuwamba na 2018. A duba yadda kiɗan al'umma guda ya rataya ga numfashin mutum ɗaya, sannan ya koma ga na wani mutum ɗaya. Da ba a samu malamin makarantar da ya ɗauki jakarsa ya tafi ba, da sai dai a ga biram rataye a gidan tarihi, ba mai sanin yadda ake ɗaure tsarkiyarsa. Kayan kiɗa nawa ne a Gobir da Katsinar Maraɗi da Adar da Arewa suke kan wannan siraɗi a yau?

Ba za a ce hukuma ba ta taɓa yin kome ba. Zamanin samariya an yi bukukuwan matasa na ƙasa waɗanda suka fito da mawaƙa da ƴan wasa daga kowace jiha. Tun 1987 aka kafa gasar Ɗan Gurmu don tunawa da shahararren makaɗin Tawa, kuma ta haifar da ƙungiyoyin kiɗan zamani masu yawa. A ƙarshen shekarun 1980 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya a Yamai, inda Dakta Mahaman Garba, wanda ya yi digirinsa a kan kiɗan Hausawan Nijar, ya yi aiki, inda kuma aka tara kayan kiɗan gargajiya na ƙabilun ƙasar. A 2005 Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da faransanci, aka ga abin da mawaƙanmu za su iya. Sai dai dukkan waɗannan a saman bishiya suke. Gasa tana zaɓen gwani ne daga cikin waɗanda suka riga suka iya. Ba ta shuka sababbi. Cibiya ɗaya a babban birni ba za ta kai ga yaron Mayayi ko na Matamai ba. Makarantar firamare ce kaɗai ma'aikatar da take da reshe kusan a kowane ƙauye, kuma ita ce aka bari ba ko ganga ɗaya.

Yanzu sai mu zo ga abin da ba a cika son faɗa a taro ba, alhali shi ne ainihin cikas. Bahaushe yana son kiɗa, amma ba ya son ɗansa ya zama makaɗi. Yana iya yin kyautar riga da doki ga mawaƙi, ya hana shi auren ƴarsa. A idonsa kiɗa da roƙo abu ɗaya ne, kuma uban da ya ji an ce ɗansa na koyon kalangu a lakwal zai iya zuwa da safe ya tambayi shugaban makaranta ko maroƙi aka ce masa yana son a mayar da yaron. Bai kamata a yi wa uban nan dariya ba. Tsoronsa yana da tushe a cikin tsarin da ya tashi a ciki. Abin da za a nuna masa shi ne makaranta tana raba abu biyu da al'ada ta haɗa: sanin kiɗa daban, cin abinci da shi daban. Muna koya wa yara duka lissafi ba don su zama ƴan kasuwa duka ba, muna sa su gudu a fili ba don su zama ƴan tsere ba. Kuma idan ɗan sarki da ɗan malam da ɗan makaɗi suka zauna kan benci ɗaya, ɗan makaɗin ya zama shi ne mai gyara wa sauran hannu, wani abu yana sauyawa a zukatansu wanda wa'azin shekara goma a kan daidaito ba zai sauya ba.

Sai batun addini, wanda ya ƙara nauyi a garuruwanmu cikin shekarun nan. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun da daɗewa, kuma ba a wannan shafi za a yanke hukunci ba. Abin da na sani shi ne, a tarihin ƙasar nan ilimi bai taɓa rabuwa da rerawa ba. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Nijar ta yau, ya isar da koyarwarsa ga talakawa da waƙoƙi. Ƴarsa Nana Asma'u ta ilimantar da matan karkara ta hanyar jajis da ƴan taru, kuma waƙa ce littafinsu, suna haddacewa suna rerawa. Ishiriniya da Infiraji da murya ake karanta su, makafi da almajirai sun ratsa da su kowace unguwa. A garin da iyaye ba su yarda da goge ba, ai ba a rasa murya da tafi ba, ba a rasa waƙar reno da ta niƙa da ta tashe ba. Malamin da ya san garinsa zai san inda zai fara da inda zai dakata. Wanda ya ce ko dai a kawo kome ko a bar kome, shi ne zai jawo a rufe ƙofar gaba ɗaya.

Ina da tsoro guda game da ra'ayin da nake karewa, kuma gara in faɗe shi da kaina. Makarantarmu ta iya kashe abu ta hanyar mayar da shi darasi. Idan gobe aka ce an wajabta kiɗa, abin da nake hange shi ne mushe ya zana layuka biyar a kan allo, yara su kwafe do, re, mi a cikin kaye, su haddace ma'anar kowace alama, a yi musu jarrabawa a rubuce, a gama shekara ba a ji sautin kome ba. Rubutun kiɗa na Turai abu ne mai amfani, kuma wanda zai yi nisa a fannin yana bukatarsa. Amma an ƙera shi ne don wani kiɗa daban. Yawancin waƙoƙinmu a kan matakan murya biyar suke tafiya, ga kuma lanƙwasar algaita da jan goge da suke faɗawa tsakanin matakan, inda alamar ba ta kai ba. A ƙasar Hangari, Zoltán Kodály ya gina koyar da kiɗa a makarantu a kan ƙa'ida mai sauƙi: yaro ya fara da muryarsa da waƙoƙin gargajiya na harshen uwarsa, rubutu ya biyo baya. Shi da abokinsa Bartók sai da suka bi ƙauyuka suna ɗaukar waƙoƙin manoma kafin a kai ga haka. Mu an riga an yi mana rabin wannan aiki. Tun farkon shekarun 1960 Tolia Nikiprowetzky ya ɗauki kiɗan makaɗan Nijar, kuma akwai ɗimbin muryoyi ajiye a gidan rediyon ƙasa da cibiyoyin bincike na Yamai. Abin da ya rage shi ne a fito da su daga kabad, a zaɓa, a kai su makarantun horon malamai na Damagaram da Maraɗi da Tawa da Doso, domin malamin da bai taɓa jin bambancin taushi da kotso ba ba zai koya wa kowa shi ba.

Shi ma malamin da aka horar ba zai wadatar shi kaɗai ba. A kusan kowane gari akwai tsohon makaɗi ko tsohuwar zabiya da suka fi kowane littafi sanin abin. A shigo da su aji. A nan ne ƙungiyoyin al'adu da na iyayen yara suke da aikin da ba sai sun jira takarda daga Yamai ba: su san waɗanda suka rage a yankinsu, su shirya da shugaban makaranta, su nemi mai ƙera kalangu da gurumi na garin ya yi wa makaranta biyu ko uku, wanda hakan ma ciniki ne gare shi. Sharaɗi ɗaya ne ba zan sassauta a kansa ba. Idan makaɗi ya shigo aji, a ba shi kujerar malami, yara su tashi su gaishe shi kamar yadda suke gaida mushe, kuma a yanka masa ladan aikinsa tun kafin ya fara, a ba shi a cikin ambulan a ofis. Kada a bari ya tsaya bakin ƙofa yana kirarin shugaban makaranta, a ciro ƴan canji a manna masa a goshi a gaban yara. In aka yi haka, darasin da za su ɗauka ya riga ya tabbatar da tsoron uban nan da ya zo da safe.

Su ma yaran a ba su aikin tattarawa. Kowane ɗalibi na ajin CM ya je wurin kakarsa ko gwaggonsa ya rubuto waƙa ɗaya ta daka ko ta gaɗa ko ta aure, da sunan wadda ta ba shi, da garin da ta koyo ta, da lokacin da ake yin ta. A haɗa su cikin babban kaye guda da zai zauna a makaranta, wanda yake da waya a cikin malamai ya ɗauki muryar. A ajin da na gwada wannan, waƙar reno ɗaya ta zo mana da siga huɗu daga unguwanni huɗu, kuma gardamar wace ce ta asali ta kai mu har aka kaɗa ƙarfen tashi ba wanda ya motsa daga bencinsa.